Tsohuwar Sabar Ubuntu da Sabon Python: Wace Hanya Za Ka Bi Kafin Ka Ɗaga Ta?

Wata ranar Litinin da hantsi aka kira ni daga wata kwaleji da nake duba wa kwamfutoci lokaci-lokaci. Jami'in jarrabawa ne, muryarsa a sama: "Injiniya, don Allah duk abin da kake yi ka ajiye ka zo, sakamakon yara ya ƙi fitowa." Na tarar da shi tsaye a ƙofar ɗan ɗakin da suke ajiye sabar, takardun maki a hammata, fanka tana ta kaɗawa a kan wata tsohuwar kwamfuta da ƙura ta lulluɓe. Na ce, "Malam, me aka taɓa?" Ya ce shi dai bai taɓa komai ba. Can sai wani matashi cikin ma'aikatan ya matso ya ce ranar Asabar ya ga saƙo cewa akwai sabuwar siga, sai ya buga `do-release-upgrade`, ya ɗaga sabar daga Ubuntu 18.04 zuwa 20.04 (Ubuntu wani nau'in Linux ne, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar). Da kyakkyawar niyya ya yi, kuma yana da hujja, domin 18.04 ta daina samun facin tsaro na kyauta tun ƙarshen Mayun 2023. Sabar ta tashi lafiya lau. Manhajar da ke tara maki ce ta kwanta.

Abin da ya kwantar da ita shi ne canjin tafinta. Manhajar da aka rubuta da Python ko PHP ba ta magana da kwamfuta kai-tsaye. Akwai wani shiri a tsakani da ke karanta rubutun yana aiwatarwa, shi nake kira tafinta. Kowace sigar Linux da tafintan da take zuwa da shi: Ubuntu 18.04 tana da Python 3.6 da PHP 7.2, 20.04 tana da 3.8 da 7.4, 22.04 tana da 3.10 da 8.1, 24.04 kuma 3.12 da 8.3. A ɓangaren Debian, ta 10 tana da Python 3.7, ta 11 tana da 3.9, ta 12 tana da 3.11. Idan ka ɗaga tsarin, an canza maka tafinta ke nan ba tare da an nemi izininka ba, kuma sabon ba lallai ya fahimci duk abin da tsohon yake fahimta ba.

A kwalejin nan, manhajar tana cikin keɓaɓɓen muhalli da aka gina da `venv`, wanda shi ne daidai. Amma `venv` ba ya ɗauke da tafinta nasa na kansa. Fayil ɗin `bin/python3` da ke ciki nuni ne kawai zuwa `/usr/bin/python3` na tsarin, ƙunsoshin da aka saka kuwa, wato shiryayyen kod na wasu da manhajar ke dogara da shi, suna cikin folda mai suna `lib/python3.6/site-packages`. Da aka ɗaga tsarin, nunin ya koma kan 3.8, shi kuma ya je neman `lib/python3.8`, bai tarar da komai ba. Kayan na nan a ɗaki, sai dai mai nema yana duba ɗakin da ke kusa. Haka ma duk abin da aka taɓa sakawa da `sudo pip3 install`: yana can kwance a `/usr/local/lib/python3.6/dist-packages`, sabon tafinta ba zai ko leƙa wurin ba. Kwafe foldar zuwa sabon suna ba ya magani, domin ƙunsoshin da ke da sassan da aka harhaɗa da harshen C, irin su `psycopg2` da `Pillow` da `numpy`, an ɗinka su ne daidai jikin siga ɗaya.

Kafin in shiga kwatanta hanyoyin, bari in kawar da guda ɗaya da ba na ƙirga ta a cikin zaɓi, alhali ita ce ta fi saurin zuwa wa mutum a rai: a juya `/usr/bin/python3` ya koma kan sigar da manhajarka ke so, ko da hannu ko da `update-alternatives`. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Python ɗin da ke wannan adireshi na tsarin ne, ba naka ba. Kayan aikin Ubuntu da yawa da shi suke rayuwa, kuma suna dogara da wani ƙunshi mai suna `apt_pkg` da aka harhaɗa domin sigar da tsarin ya zo da ita kaɗai. Kana juya nunin za ka fara ganin `No module named 'apt_pkg'`, `add-apt-repository` ya daina aiki, a kwamfutar tebur ma taminal ɗin GNOME ya ƙi buɗewa, shi kansa `do-release-upgrade` ya ce maka Python ɗinka ya lalace, sai ka gyara nunin zai ci gaba. Masu CentOS 7 sun san irin wannan: `yum`, shirin saka ƙunsoshi na wannan Linux ɗin, da Python 2.7 aka rubuta shi, duk wanda ya mayar da `/usr/bin/python` zuwa na 3 ya rasa abin da zai saka ƙunshi da shi, har da ƙunshin da zai gyara ɓarnar. Ba banza ba Red Hat a sigarta ta 8 ta ɓoye Python ɗin tsarin a `/usr/libexec/platform-python`, nesa da hannun jama'a. Debian 12 da Ubuntu daga 23.04 su ma sun sa shinge: `pip install` a wajen `venv` yana tsayawa da saƙon `externally-managed-environment`. Akwai hanyar tsallake shingen, sunanta `--break-system-packages`, kuma sunan ya isa gargaɗi.

To, hanyoyin gaskiya.

Ta farko ita ce ka bi tafintan da sabon tsarin ya zo da shi, ka gyara manhajarka ta dace. Ita ta fi cin lokaci a farko, ita ce kuma kaɗai ke ƙare matsalar maimakon ɗaga ta zuwa gaba. Ribarta babba ita ce facin tsaro: Python 3.12 na Ubuntu 24.04 yana cikin abin da Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ke kula da shi har 2029, duk sanda ka buga `apt upgrade` gyara yana shigowa ba tare da ka tuna da shi ba. Wahalarta ta danganta da nisan tafiyar. Daga 3.6 zuwa 3.8 yawanci sake gina `venv` ne kawai, sai dai in kod ɗin ya yi amfani da `async` a matsayin sunan wani abu, domin daga 3.7 kalmar ta zama keɓaɓɓiya. A 3.10 an cire tsofaffin sunaye irin su `collections.Mapping`, sai ta `collections.abc` ake samunsu, kuma tsofaffin ƙunsoshi da dama a nan suke faɗuwa. A 3.12 an cire `distutils` da `imp` da `asyncore` da `smtpd`, sannan sabon `venv` ba ya zuwa da `setuptools` kai-tsaye. A 3.13 an share wasu da dama, ciki har da `cgi` da `telnetlib` da `crypt`. Sau da yawa ba rubutunka ne zai karye ba, ƙunsoshin da ka jingina da su ne, kuma gyaransu shi ne a ɗaga su, ɗagawar kuma ta jawo nata canje-canjen.

A nan akwai dabarar da na fi so kowa ya riƙe: nemi wurin da sigogi suka haɗu, ka tsallaka ta nan. Manhajar kwalejin a kan Django 2.2 take, wato ƙunshin gina manhajojin yanar gizo da Python, wanda ke aiki daga Python 3.5 zuwa 3.9. Django 3.2 yana aiki daga 3.6 zuwa 3.10, shi kuma 4.2 daga 3.8 zuwa 3.12. Ka lura dukansu uku sun yarda da 3.8. Ke nan kana zaune a kan 3.8 za ka iya hawa daga 2.2 zuwa 3.2, ka gwada, ka hau 4.2, ka gwada, duk tafinta bai motsa ba. Sai bayan nan ka koma 3.12 Django bai motsa ba, daga can kuma ƙofar 5.2 a buɗe take. Abu ɗaya ake canzawa a kowane mataki. Wanda ya canza tsarin da tafinta da Django da rumbun bayanai a dare ɗaya, in abu ya karye bai san wanda zai tuhuma ba.

Idan daga Python 2 za ka taso, lamarin ya fi haka nauyi. An daina kula da 2.7 tun 1 ga Janairun 2020, fitowarsa ta ƙarshe ita ce 2.7.18 a Afrilun shekarar. Ubuntu 22.04 tana da shi a ma'ajiyarta, amma 24.04 da Debian 12 sun cire shi gaba ɗaya. Kurakuran da ke ihu, irin `print` marar baka, ba su ne abin tsoro ba, domin suna nuna kansu a minti na farko, kuma shirin `2to3`, wanda ke nan har 3.12, yana gyara yawancinsu. Abin tsoro shi ne waɗanda ke wucewa shiru. A Python 2, `89/2` yana ba da 44, a Python 3 yana ba da 44.5. Sai kuma `round`: a Python 2 rabi yana hawa sama, 44.5 ya zama 45, a Python 3 kuwa rabi yana komawa ga lambar da ke rabuwa biyu daidai, 44.5 ya zama 44, 45.5 ya zama 46. A kwalejin akwai wani ɗan ƙaramin shiri na Python 2, daban da babbar manhajar, da ke fitar da darajar kowane ɗalibi. An gyara layukan `print`, ya yi aiki a kan Python 3 ba ko tari. Kwana biyu bayan nan Malam ya shigo da takardar da malamin darasi ya cika da hannu, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya ya ce, "Injiniya, yarinyar nan D ta ci, me ya sa injin ya ba ta E?" Matsakaicin makinta 44.5 ne, a tsarinsu kuma 45 ne farkon D. Da ba don idon mutumin nan ba, da haka za a manna sakamakon a allo. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin ba kwamfuta ce za ta ɗauki asarar ba, 'yar mutane ce. Maganin shi ne a yi lissafin da `decimal` a zaɓi `ROUND_HALF_UP`, amma sai ka san ciwon kafin ka nemi maganin.

Mu masu rubutu da Hausa muna da wani dalili na musamman na barin Python 2, wato haruffan nan masu lanƙwasa. A Python 2, rubutu na yau da kullum jerin bayit ne, saboda haka `len("ƙ")` yana ba da 2, kuma `upper()` ba ya mayar da ɗ ta zama Ɗ, sai ka ga an buga suna da manyan baƙaƙe amma harafin farko ya tsaya ƙarami. Python 3 ya san harafi ɗaya ne, ya kuma san babbansa. Sai dai 3.6 yana da nasa tarkon: shirin da ke aiki lafiya a taminal, in `cron`, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ya tashe shi da dare ba tare da an saita `LANG`, wato saitin harshe, ba, yakan faɗi da `UnicodeEncodeError` da zarar ya ci karo da ƙ ko ɓ. Daga 3.7 aka sassauta wannan. Duk da haka, ka riƙa rubuta `encoding="utf-8"` duk inda ka buɗe fayil, kada ka bar wa muhalli ya zaɓa maka.

Hanya ta biyu ita ce ka ɗaga tsarin, amma ka ajiye tsohon tafinta a gefen sabon, ta hanyar ma'ajiyar waje. Ga Python a Ubuntu akwai deadsnakes, wadda ke saka `python3.8` ko `python3.9` da sunansa daban, ba ta taɓa `/usr/bin/python3`. Ka gina `venv` da `python3.8 -m venv`, shi ke nan. Ga PHP akwai ma'ajiyar Ondřej Surý, wanda shi ne ke kula da ƙunsoshin PHP a Debian, kuma tana ba ka damar zaunar da sigogi tun daga 5.6 har zuwa na 8 a saba ɗaya, kowace da nata `php-fpm`, shirin da ke aiwatar da PHP a bayan shafin. Wannan hanya tana da sauƙi da sauri, ba ta cin data da yawa, kuma duk wanda ya iya `apt`, shirin saka ƙunsoshi na Ubuntu, ya iya ta. Rauninta uku ne. Ba kowace tsohuwar siga ake samu ba: a 22.04 da 24.04 deadsnakes daga 3.7 take farawa, mai neman 3.6 ba zai samu ba. Masu ita sun faɗa a fili cewa ba su yi alkawarin kawo facin tsaro a kan kari ba, balle ga sigar da masu Python da kansu suka sallama, kamar 3.6 da aka rufe a Disambar 2021 da 3.8 a Oktoban 2024. Sannan duk lokacin da ka sake buga `do-release-upgrade`, yana kashe ma'ajiyoyin waje, sai ka dawo ka kunna su da hannu. Ina ɗaukar wannan hanya a matsayin gada ta 'yan watanni ga mai Python. Ga mai PHP da ke riƙe da shafuka da yawa na mutane daban-daban, kowane da shekarunsa, na fi ba ta daraja, domin tana ba ka damar kwashe su ɗaya bayan ɗaya.

Tunda an zo kan PHP, bari in ɗan tsaya, don raunin da yake yi daban ne. Saitin kowace siga a foldarta yake, `/etc/php/7.2/` ba ya bin ka zuwa `/etc/php/8.1/`, saboda haka `upload_max_filesize` da ka ɗaga shekarun baya yana komawa 2M, mutane su fara kukan hoto ya ƙi hawa. Nginx da Apache su ne shirye-shiryen da ke miƙa shafuka ga masu ziyara. Mai Nginx zai ga `502 Bad Gateway` domin saitinsa har yanzu yana neman `php7.2-fpm.sock`, wanda ya riga ya tafi. Mai Apache shi ya fi shiga haɗari: in an cire tsohon sashen PHP ba a kunna sabon da `a2enmod` ba, sabar na iya miƙa wa baƙo fayil ɗin PHP tsirara a matsayin rubutu, har da wanda ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai. Abu na farko da za ka duba bayan ɗagawa ke nan. A cikin harshen kansa, PHP 7.0 ya cire ayyukan `mysql_` na da, 7.2 ya cire `mcrypt`, 8.0 da ya fito a Nuwambar 2020 ya cire `each()` da `create_function()`, ya kuma mayar da gargaɗi da yawa kurakurai masu tsayar da shafi, kamar kiran `count()` a kan abin da ba jeri ba. Shi ma yana da nasa mai wucewa shiru: `0 == "abc"` gaskiya ne a PHP 7, ƙarya ne a PHP 8. Kayan bincike irin PHPCompatibility da Rector suna taimakawa wajen gano waɗannan kafin ranar ɗagawa.

Hanya ta uku ita ce ka mallaki tafinta naka, wanda ba ruwan `apt` da shi. Na da can shi ne ka sauko da tushen Python ka harhaɗa, ka ƙare da `make altinstall` maimakon `make install` don kada ya danne na tsarin. Shirin pyenv yana yi maka wannan aikin, ya ajiye kowace siga a `~/.pyenv/versions`. Mutane da yawa suna zaton da wannan sun tsira daga ɗagawar tsarin. An gudu ne ba a tsira ba. Python ɗin da ka harhaɗa yana jingine da ɗakunan kod na tsarin da ya tarar a ranar. Ubuntu 18.04 tana da `libffi.so.6`, 20.04 ta koma 7, 22.04 ta koma 8. OpenSSL, mai kula da haɗin sirri, ya tashi daga 1.1.1 a 20.04 zuwa 3.0 a 22.04. Bayan ɗagawa sai ka ga `python` yana buɗewa amma `import ssl` ko `import ctypes` ya faɗi, `pip` kuma ya kasa sauko da komai domin ba shi da hanyar haɗin sirri. Sai an sake harhaɗawa, sannan a sake gina kowane `venv`. Ta ɗaya ɓangaren ma akwai katanga: Python 3.10 zuwa sama yana buƙatar OpenSSL 1.1.1 aƙalla, CentOS 7 kuwa 1.0.2 take da shi, don haka saka sabon Python a tsohuwar sabar ba ya tafiya salin-alin. Sabon shiga a wannan fage shi ne uv na kamfanin Astral, da ya fito a 2024. Shi ba ya harhaɗawa, yana sauko da Python da aka riga aka gina ɗauke da yawancin abin da yake buƙata a jikinsa, shi ya sa canjin tsarin bai cika girgiza shi ba. Ga sabon aiki ina son sa ƙwarai. Amma ba zai kawo maka 2.7 ko 3.6 ba, kuma a duk wannan hanya ta uku, kai ne mai gadi: in an gano ɓaraka a Python, ba wanda zai sabunta naka sai kai. A ofishin da ba a da mai duba sabar sai abu ya lalace, wannan nauyi ne da ba wanda zai ɗauka.

Ta huɗu ita ce kwantena, da Docker ko Podman. A nan kana naɗe manhajar da tafintanta da duk ɗakunan kod ɗin da take jingina da su a ƙunshi guda, tsarin da ke ƙasa ya canza yadda ya ga dama. Ita ce kaɗai amsa mai tsafta ga wanda ke riƙe da manhajar Python 2.7 ko 3.6 ko PHP 5.6 da ba za ta gyaru ba, ko don wanda ya rubuta ta ya yi nisa, ko don ba kuɗin sake ta. Tsofaffin hotunan `python:2.7` da `php:7.2-apache`, wato shiryayyun ƙunsoshin da ake tayar da kwantena daga gare su, suna nan a ma'ajiyar Docker Hub. Amma a san abin da aka saya. Kwantena tana kare manhajar daga canji, ba ta kare ta daga ɓarayi: tsohon tafinta da ɓarakarsa suna ciki yadda suke. In manhajar a cikin ofis kaɗai ake amfani da ita, da sauƙi. In tana fuskantar intanet, dole a sa ta bayan Nginx na zamani, a rage ƙofofin shiga, a kuma sa ranar da za a yi ritayarta. Gina sabon hoto a kan tsoho ma yana da ƙaya, domin tsofaffin sigogin Debian da ke ƙarƙashinsu an kwashe su zuwa `archive.debian.org`, `apt-get update` zai faɗi sai ka gyara adireshin. Ga mu da ke sayen data da tsada, cikakken hoton Python yana kai wa kusan gigabayit ɗaya a faifai, don haka a ɗauki mai alamar `slim`, in an gina a adana shi da `docker save` a faifan waje. Sai tambaya ta ƙarshe wadda ba ta fasaha ba ce: ranar da ba ka nan, akwai wanda ya iya duba abin da ke cikin kwantenar?

Akwai kuma ta biyar, wadda ba a cika ambata ba: kada ka ɗaga yanzu. Ubuntu Pro tana tsawaita facin tsaro zuwa shekara goma, wato 18.04 har 2028, 20.04 har 2030, kuma kyauta ce ga kwamfuta biyar in amfanin kai ne. Ba ta canza tafinta, ba ta karya komai. In kana tsakiyar zangon jarrabawa ko rufe lissafin shekara, wannan ita ce shawarar hankali, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Lokaci kawai take saya maka, kuma sababbin ƙunsoshin `pip` za su ci gaba da juya wa tsohon Python ɗinka baya. Masu CentOS 7 ba su da irin wannan rangwame na kyauta. Ta rufe ranar 30 ga Yunin 2024, ma'ajiyarta ta koma `vault.centos.org`, mafita ita ce ƙaura zuwa AlmaLinux ko Rocky Linux, ko da sabon girkawa ko da shirin ELevate.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ke ƙarƙashin duk sauran: a ɗaga sabar a inda take, ko a girka sabuwa a kwashe kaya? `do-release-upgrade` ba ya tsallake, daga 18.04 zuwa 24.04 hawa uku ne, kowane da saukar ɗaruruwan megabayit, kowane da canjin tafinta, a hawan farko ma MySQL na tashi daga 5.7 zuwa 8.0. Shirin yana da hattara, in ta SSH kake yi, wato daga nesa, yana buɗe ƙofa ta biyu a lamba 1022 ko da ta farko ta yanke. Abin da ba shi da maganinsa shi ne ɗaukewar wuta. In aka ɗauke ana tsakiyar sauya ƙunsoshi, inbata kuma ta gaza, za ka wayi gari da tsarin da rabinsa tsoho rabinsa sabo, kana fatan `dpkg --configure -a` ya cece ka. Hawa ɗaya a sabar haya da ke da damar ɗaukar cikakken kwafin faifai kafin a fara, na yarda a yi shi a wurin. Hawa biyu ko uku a kwamfutar da ke ɗakin ofis, ni dai sabon faifai zan saya. Kuɗinsa bai kai na kwana uku da aiki a tsaye ba, kuma tsohon faifan yana nan lafiyarsa, in abu ya ƙi sai a mayar da shi cikin minti goma.

Ko wacce ka zaɓa, akwai aikin da sai tsohon tsarin na da rai ake iya yinsa. Ka shiga kowane `venv` ka buga `pip freeze` ka adana sakamakon, domin bayan ɗagawa `pip` ɗin da ke ciki ba zai tashi ba balle ya gaya maka abin da ke wurin. Ka buga `php -m` ka ajiye jerin, ka kwafe `/etc/php`. Ka bi `crontab -l` na kowane mai amfani, da layukan `ExecStart` na `systemd`, da `/usr/local/bin` da `/opt`, kana neman duk fayil ɗin da layinsa na farko ya ambaci `python`. Waɗannan ƙananan shirye-shiryen da wani ya rubuta shekara bakwai da suka wuce, mai ɗaukar kwafin rumbun bayanai da dare, mai tura saƙon tes, su ne ke mutuwa ba wanda ya sani. Sabuwar girkawar Ubuntu daga 20.04 ba ta da umarni mai suna `python` kwata-kwata. Ƙunshin `python-is-python3` yana dawo da sunan, amma suna kawai yake dawowa da shi, ba ya mayar da rubutun Python 2 ya zama na 3. Ka kuma tayar da manhajar da `python3 -Wd` a tsohon tsarin, za ta riƙa faɗa maka abubuwan da aka yi niyyar cirewa a gaba.

In manhajar taka ce, ko kana da mai gyara ta, ka bi ta farko, ka ari ta biyu ta riƙe ka kafin gyaran ya kammala. In ba ta gyaruwa, kwantena. In kai mai rubuta manhaja ne da ke juya ayyuka da yawa a kwamfutarka, ta uku taka ce, amma kada ka kai ta sabar da ba ka leƙawa.

A kwalejin, ranar Litinin ɗin nan mun sake gina `venv` a kan 3.8, muka tsinto sunayen ƙunsoshi da lambobin sigarsu daga sunayen foldojin da ke cikin tsohon `site-packages`, kafin la'asar manhajar ta tashi. Sauran aikin muka bar shi sai hutu. A lokacin ne aka hau da Django zuwa 4.2, aka sayi sabon faifai aka girka 24.04, aka kwashe kaya. Matashin da ya fara ɗagawar shi ya yi yawancin aikin da hannunsa, ina gefe. Kafin a buɗe wa kowa, muka ɗauko makin zangon da ya wuce muka zuba a sabon tsarin, Malam ya zauna da tsohuwar takardar da aka buga yana karantowa, mu muna bi a allo, suna bayan suna, har muka kai ƙarshe ba a samu saɓani ba. Tsohon faifan yana cikin durowar Malam, an manna masa takarda da kwanan wata, ba za a goge shi ba sai an fitar da sakamakon zango na gaba.